Ranar da Aka Zo Ɗibar Jinin Inna

Inna ba ta taɓa cewa ba ta da lafiya ba. Ko zazzaɓi ya kwantar da ita, in aka tambaye ta sai ta ce da sauƙi, tun kafin a san akwai abin da zai yi sauƙin. Saboda haka ba daga bakinta na ji ba. Goggo ce ta kira ni wata Laraba da hantsi, ina zaune a ɗakin malamai a Kano, takardun jarrabawar ɗalibaina jibge a gabana.

"Malama, Amarya fa tana ramewa," in ji ta. "Zanen da take ɗaurawa yanzu har ya kusa zagaye ta sau biyu. Ga shan ruwa kamar an aiko ta."

Amarya ita ce Inna, mahaifiyata. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan da aka kawo ta gidan, mijin ma ya riga mu gidan gaskiya, amma Goggo, yayar mahaifina, ba ta sauya mata suna ba. Ita kuma Inna Yaya take ce mata. Mu Fulanin gida ne a wani ƙauye gaba da Gwiwa kaɗan, masu 'yan shanu da gonar gero, irin gidan da har gobe uwa ke kunyar ɗanta na fari. Ni ce kuwa 'yar farin. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, na tashi a ɗakinta a Babura inda take aure. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da abin faɗa mini sai ta dubi Goggo ta ce, "Yaya, ki gaya wa 'yarki," ko da kuwa tabarma ɗaya muke zaune. Ina yarinya abin bai dame ni ba, don Goggo ta ishe ni uwa, wani lokacin har ta yi yawa. Sai da na girma na haifi nawa ya fara yi mini ciwo, ciwon da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da mijin Goggo ya rasu ta tattara komatsanta ta dawo gidan ƙanenta. Bayan 'yan shekaru shi ma ya bi. Ƙannena maza suna kudu wajen fataucin shanu, matan kuma suna ɗakunansu. Gida ya rage daga Inna sai Goggo, suna kaɗa nono tare, suna faɗa a kan gishirin miya, suna shiryawa kafin tuwo ya huce.

Na ce wa Goggo a ɗauki mota a kai ta asibiti a Kazaure. Ta yi wata 'yar dariya.

"Ke ma kin san ba za ta ba. Sai dai ki zo ki ɗaure ta."

Na sani kuwa. Tun da Baba ya shiga asibiti da ƙafarsa aka dawo da shi a kwance, Inna ba ta ƙara taka ƙofar asibiti ba, ko dubiya ce. Ni kuma ba ni da halin tashi, jarrabawa ta riƙe ni, hutu sai nan da sati biyar.

Wata abokiyar aikina ce ta ga na yi tagumi ta tambaye ni. Da na faɗa mata, sai ta jawo kujera ta buɗe wayarta ta nuna mini shafin wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa. Ta ce ba sai mutum ya je ba, su ne za su zo har gida, kuma suna da ofishi a Kazaure. Na karɓi wayar ina kallo. Gwaje-gwaje ne a jere, kowanne da kuɗinsa a gefe: na suga, na ƙoda, na hanta, na yawan jini, na kitsen da ke cikin jini. Wanda kake so sai ka danna ya faɗa kwando, kamar mai cefane. Akwai kuma wanda aka haɗa wuri guda don masu manyan shekaru. Shi na zaɓa, don ban san abin da nake nema ba.

Sai cike fom. Na rubuta sunan Inna, wanda ni ma ban saba furta shi ba. Aka ce ranar haihuwa. Abin da na sani shi ne an haife ta da kaka, ana cikin yankan gero. Na tsallake wurin, shafin ya ƙi gaba, ya kewaye shi da jan layi. Na ba ta ɗaya ga watan ɗaya, na ƙiyasta shekarar, ya karɓa ba musu. Aka ce lambar gida da sunan titi, abubuwa biyu da gidanmu bai taɓa mallaka ba. Allah ya sa akwai wurin ƙarin bayani a ƙasa, nan na zuba kwatance: in ka wuce kasuwar Gwiwa ka bi burji, ka wuce rijiyar burtsatse ta biyu, ka tambayi gidan tsohuwa mai man shanu. Aka tambaye ni inda za a turo sakamako, na sa lambata da imel ɗina. Aka ce namiji kake so ya zo ko mace. Na duba, namijin zai zo ranar Litinin, macen sai Juma'a, na zaɓi Litinin.

Can ƙasa akwai wani ɗan akwati da ake dannawa, an rubuta a gefensa cewa mai jinin ta san da gwajin kuma ta yarda. Na danna shi ko tsayawa ban yi ba. Na tura kuɗi ta banki, saƙo ya shigo da wata lamba da kuma gargaɗi: kada ta ci komai daga bayan isha'i har a ɗibi jinin da safe, ruwa kawai. Duka abin bai ci minti ashirin ba. Na koma kan takarduna ina jin kaina wata 'ya ta gari.

Da yamma na kira Goggo na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To." Da ina da wayo da nan na tsargu. Goggo ba ta taɓa ƙare magana da to kawai ba, ko gaisuwa ce sai ta yi mata jela.

Ranar Litinin da safe saƙo ya shigo cewa ma'aikacinsu ya kama hanya. Wajen ƙarfe tara wani ya biyo baya, wai an karɓi jini. Ban gama karantawa ba sai ga kiran Goggo, murya wasai.

"Yaron nan ɗan albarka ne. A babur ya zo, da kula ɗaure a baya cike da ƙanƙara. Ya sa safar hannu, ya fito da 'yan kwalabe uku, kowacce da kalar murfinta, ya manna musu takarda. Hannunsa kuwa da sauƙi, cizon sauro ma ya fi zafi."

"Inna ce ta ce haka?"

"Ai kowa ya gani. Mun dama masa fura, na kuma ɗaure masa man shanu ya kai wa uwarsa."

Bayan kwana biyu sakamako ya iso wayata, shafi uku. Kowane layi da sunan abin da aka auna, da lambar da aka samu, a gefe kuma iyakar da ya kamata ta tsaya a ciki. Abokiyar aikina ta riga ta gaya mini cewa duk wadda ta fita daga iyaka da ja ake rubuta ta. Na bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa. Babu ja ko ɗaya. Na sake bi, na kuma sake. Na yi hamdala a fili har malamin lissafi ya ɗago ya dube ni.

A ƙasan takardar an rubuta cewa a nuna wa likita, kada mutum ya yanke wa kansa hukunci. Mijin abokiyar tawa likita ne, na tura masa. Ya ce tsohuwar nan ta fi mu lafiya duka. Ya ƙara da cewa amma rama da yawan ƙishirwa ba su dace da wannan takarda ba, in abin ya ci gaba a kawo ta a duba. Rabin farko na ji, na biyun ya wuce ta bayan kunnena. Na yanke cewa rashin cin abinci ne kawai da kaɗaici. Na shiga kasuwa na haɗa mata kaya don ta yi ƙiba: madara, dabino, zuma, da sukari rabin kwano. Na ba direban motar Gwiwa ya kai.

Da aka yi hutu na tafi. Damina ta yi nisa, gero ya rufe hanya ta ko'ina, daga Roni zuwa gida sai da babur ya sauke ni sau biyu saboda taɓo. Na yi sallama na shiga. Inna tana zaune a gindin turmi, ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Ban gane wuyanta ba. Awarwaron da na san shi daram a hannunta ya zamo har ya kusa gwiwar hannu. Kafin mu gama gaisawa da Goggo, Inna ta tashi sau biyu ta ɗauki buta ta zagaya. A na biyun na ga ta lalubi butar kafin ta kama ta, alhali tana gabanta.

Na rasa inda zan sa kaina. Ga mace tana ƙarewa a gabana, ga takarda a wayata tana cewa lafiyarta ƙalau. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ce bari in karanta musu sakamakon, ko ni ma in na ji shi da kunnena zan gano abin da na tsallake. Inna ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake. Goggo kuwa ta matso har kafaɗarta na gogar tawa.

"Fara da sugan," in ji ta.

"Daidai yake."

"Ƙoda fa?"

"Lafiya lau."

"Hanta?"

"Ita ma."

"To shi kitsen nan da ake cewa yana toshe wa mutum jijiya?"

"Babu, Goggo. Komai daidai."

Ta jingina da bango, ta shafa cikinta, fuskar nan fal murna. "Alhamdulillahi. Kuma aka bi aka ishe ni wai in rage man shanu."

Na ɗago na dube ta. Ta dube ni. Na ga lokacin da ta ji abin da bakinta ya faɗa. Inna ta ajiye faifan wake a hankali, ta miƙe, ta shige ɗaki ta turo ƙyaure.

"Goggo, hannun wa aka soka?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ƙara gyarawa. "To ya kike so in yi? Yaro ya taso tun daga Kazaure da sassafe, ya biyo ta Roni, taɓo har gwiwa. Amarya na jin ƙarar babur ta shige ɗaki kamar yadda kika ga ta yi yanzu. Na yi magiya, na yi faɗa, ko tari ba ta yi ba. In ce wa ɗan mutane ya juya hannu wofi? Ya ce ina mai suna kaza, na ce ga mu. Ya ce katin shaida, na ɗauko masa katin zaɓenta."

"Bai duba hoton ba?"

"Ya duba mana. Hoton ya dushe, duk tsohuwa mai hijabi za ta iya cewa nata ne. Kuma ni ma ban karya ba ranar, na taya ta zama da yunwa. Ni fa ban ga abin tashin hankali ba, Malama. Tukunya ɗaya muke ci, randa ɗaya muke sha, shekara nawa. Abin da ke jikinta ai yana jikina. Na ce in akwai shi za su gani."

Da gaske take, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba wayo ta yi mini ba, ta yi imani da abin da ta faɗa har zuciyarta. Ni kuwa raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi a gabanta ba. Na ɗaga murya a kan matar da ta goye ni. Na ce sati biyar muka zubar a banza. Na ce saboda takardar nan na aiko wa Inna sukari da zuma, in wani abu ya same ta, da hannuna da nata a ciki. Goggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, ita da ko liman ba ya ƙure ta a magana.

Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, ba ƙarfi, amma kowace kalma a fili.

"Yaya, ki gaya wa 'yarki ta rage murya, ba ke kika yi laifi ba. Ki tambaye ta, wa ta shawarta kafin ta turo namiji ya kama mini hannu? Kuma in an ɗiba, wa za a fara gaya wa? Abin da ke cikin jikina ya tafi Kano ya shiga wayarta, ta karanta, ta nuna wa ƙawaye, ni mai jikin ina nan zaune ban sani ba."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a kaina ba. Ɗan akwatin nan ya faɗo mini a rai, wanda na danna a ɗakin malamai cewa mai jinin ta sani kuma ta yarda. Goggo ta ba da hannunta a madadin na Inna, ni kuma na ba da yardata a madadin tata, tun kafin Goggo ta yi nata. Kunya ta rufe ni. Na matsa na dafa gwiwar Goggo na ce ta yafe mini. Ta ture hannuna ta ce in tashi in hura wuta, magariba ta kusa.

A bakin murhu ta gaya mini sauran, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce watanni ke nan kiyashi ke taruwa a inda Inna ta yi fitsari, ita kuma sai ta bi da ruwa ta wanke don kada a gani. Ta ce mahaifiyar Inna da haka ta fara, daga baya idanunta suka rufe, ta shekara uku ana jan ta da sanda kafin ta rasu. Inna ce ta yi jinyarta.

"Ta san abin da ke damunta, ko tana zato," in ji Goggo. "Tsoro take ji a faɗa. Kuma ke ce mutum na ƙarshe da take so ya ji zancen fitsarinta."

Washegari bayan an karya na ɗauki kujera 'yar tsugunno na ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Tana ciki, labule a sake. Na kira Goggo ta zauna kusa da ni, na buɗe shafin nan, na ce, "Goggo, zan karanta miki komai, layi-layi. In akwai wanda ba a so, a faɗa."

Na karanta jerin gwaje-gwajen, ina faɗin amfanin kowanne gwargwadon abin da na sani. Da na zo kan na hanta, murya ta fito daga bayan labule: "Yaya, hantata ba ta yi ƙara ba." Na cire shi daga kwando. Aka bar na suga, da na ƙoda, da na yawan jini. Da na zo ranar haihuwa na faɗi abin da na rubuta wancan karon, Goggo ta ce na ƙara wa Amarya shekara biyu, suka yi ta musu ta cikin labule a kan wace shekara aka haƙa rijiyar gari, har sai da na ce shafin zai rufe. Na zaɓi mace, duk da sai an jira kwana huɗu. Wajen sakamako na ga abin da ban lura da shi ba a karon farko: ana iya cewa kada a turo ta waya, a buga a takarda a rufe a ambulan, mai shi ya je ofis ya karɓa. Na zaɓi wannan. Na goge lambata na sa ta Goggo, 'yar ƙaramar wayarta mai madannai, don a sanar da ita in ya fito. Goge lambar nan ya yi mini wuya fiye da yadda na zata. Ni mutum ce mai son komai ya bi ta hannuna, mijina ma ya gaji da faɗa.

Na iso ɗan akwatin. Na ce, "Goggo, a nan an ce sai mai jinin ta sani kuma ta yarda. Ki tambayar mini."

Goggo ba ta tambaya ba, don ta san an ji. Kaza ta zo ta tsattsaga kusa da ƙafata ta wuce. Na fara tunanin in rufe wayar in tashi.

"Yaya, ki ce mata ta danna."

Ranar da matar ta zo, ita ma a bayan babur da kularta a cinya, Goggo ta tare ta tun daga zaure tana cewa, "Yau dai ba ni ba ce, 'yata, ga mai jinin can a ɗaki." Matar ta yi murmushi don ladabi, ba ta san zancen ba. Ni a zauren na tsaya ina hira da mai babur a kan farashin taki har aka gama. Da ta fito na ga kwalabe biyu ta saka a cikin ƙanƙara, na kawar da kai. Ita ma ba ta tsira daga man shanun Goggo ba.

Bayan kwana uku wayar Goggo ta yi ƙara, ta miƙo mini in karanta mata. Sakamako ya fito. Na yi shatar mota muka tafi Kazaure mu uku. Inna da kanta ta shiga ofishin, ta dangwala yatsa, aka ba ta ambulan, ta cusa shi cikin hijabi. Yarjejeniyarmu iya nan ta tsaya, ba mu yi zancen likita ba, kuma na rantse wa kaina ba ni zan tayar da shi ba. Muka tsaya a bakin titi, rana na dukanmu, direba na kallonmu. Inna ba ta iya karatun boko ba, Goggo ma haka. Wadda ta iya kuma an hana ta.

"Yaya," in ji Inna can, "ki tambaye ta, a garin nan akwai likita mace?"

Akwai, na riga na bincika tun kwana uku da suka wuce, ban dai faɗa ba.

Muka je wurinta, su biyu suka shiga. Na zauna a benci a waje tare da wata mai jego da wani tsoho mai ɗaure da ƙafa. Na ƙirga tayil ɗin ƙasa, na karanta duk takardun da aka manna a bango, har da na rigakafin yara. Sau biyu na miƙe na nufi ƙofar, na dawo na zauna. Ban san na iya addu'o'i da yawa haka ba sai ranar.

Goggo ce ta fara fitowa. Ta zauna kusa da ni da nauyi.

"Suga ne. Ya hau ƙwarai. Likita ta ce da an ƙara wata biyu da wani zancen ake."

"Idon fa?"

"Na hagu ya fara taɓuwa. Ta ce in an bi magani aka kiyaye abinci, za a iya tsayar da shi inda yake. Amarya ta ji komai da kunnenta, ta yi tambayoyi ma. Ita ta ce in fito in gaya miki."

Na rufe fuskata da mayafi na yi kuka, na tsoro da na sauƙi a haɗe. Goggo ta bari na yi mai isata, sannan ta zungure ni ta ce in share ido, ga wani aiki. Likita ta rubuta magani, ta kuma ce a sayi 'yar na'urar auna suga ta gida. Kullum da safe kafin a karya za a soki yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke, a rubuta lambar da ta fito, har sati biyu, sannan a dawo mata da takardar don ta san yadda za ta daidaita maganin. Hannun Goggo rawa yake yi, kuma ba ta san lamba ba. Duk gidan babu mai iyawa sai mutum ɗaya. Likitar ta faɗa wa Inna haka, Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Da safe bayan an idar da salla, gari ya yi haske, na wanke hannuna na jera kayan a kan faifai. Na yi sallama a ƙofar ɗakinta. Goggo ta ɗaga labule ta ce in shigo, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa. Inna tana gefen gado, ta juya fuskarta bango. Na durƙusa a gabanta ina jira, ban san ta inda zan fara ba. Sai ta zaro hannunta daga cikin mayafi ta miƙo, fuskar tana bango.

Na kama. Tafin da kaushi, yatsun sirara, da ɗumi. Na lalubi ƙwaƙwalwata ko akwai wata rana da na taɓa riƙe hannun nan, ban samu ba. Na goge kan yatsan da auduga, na ɗora abin sokawar. Na danna, ya zame gefe. Na sake, bai shiga ba. Idona ya cika, ban ma ganin yatsan sosai.

Inna ta kawo ɗaya hannun ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam.

"Ki nutsu," ta ce. "Soka. Ba zan karye ba."

Da ni take, babu Yaya a ciki. Na soka. Jini ya fito ɗigo ɗaya, na tara tsinken, na'ura ta fara ƙirge. Na danna mata auduga a yatsa. Aikin ya ƙare, amma ba ta sake ni ba, ni ma ban motsa ba. Muna nan a haka har na'urar ta yi ƙara, lamba ta fito, ta ɗan jima a kan gilashin, ta mutu don kanta.

Sannan ta zare hannunta a hankali ta mayar cikin mayafi.

"Yaya," in ji ta, "nawa ta ce?"

Sai da na sake kunna na'urar, don ban duba ba.